Kanarin Friday a Barandar Alhaji Yelwa

Shekara ashirin da biyu Alhaji Yelwa yana kiwon kanari, kuma a duk gidajen ma'aikata na Area 2 a Garki babu wanda zai yi maganar tsuntsu bai ambaci sunansa ba. Shi ne shugaban ɗakin ajiye fayil a wata ma'aikatar tarayya, saura masa shekara guda ya yi ritaya. Mutum ne marar hayaniya, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Keji bakwai ne rataye a barandarsa ta saman bene, amma guda ɗaya ne ransa: wani tsohon namiji mai rawayan ƙirji da ya sa wa suna Darakta, don idan ya buɗe baki sauran duk sai sun yi tsit.

A gidan da ke ƙasan nasa Friday yake zaune da matarsa Felicity. Friday mutumin Pankshin ne, mai gyaran lantarki a wata hukumar gwamnati, ga dariya ga son mutane. Shekara uku da suka wuce ya hau bene gyaran fanka, ya tsaya a baranda da filaya a hannu yana sauraron Darakta har ya manta abin da ya kawo shi. Daga ranar Alhaji ya ɗauke shi ɗalibi. Shi ya ba shi kejin farko, shi ya koya masa yadda ake bushe acca da yadda ake gane tsuntsu marar lafiya daga tsayuwarsa. Shi ne ma ya zaɓar masa wani ɗan tsurut a wurin masu sayarwa, ya ce, "Fara koyo da wannan. Ko ya mutu ba a yi asara ba."

Tsuntsun bai mutu ba. Felicity ta sa masa suna Fasto, wai ba ta taɓa ganin mai wa'azin da ke sammako kamarsa ba.

A farkon daminar wannan shekarar wata yarinya ta zo gidan Alhaji, Nafeesa, tsohuwar ɗalibar matarsa Hajiya Nabilah a sakandare. Yanzu tana digiri na uku, tana bincike kan yadda mazan halittu ke neman mata da murya. Ta fara da gyare, ta ce, yanzu kuma ta koma kan tsuntsaye, kuma Hajiya ta gaya mata babu kanari a Abuja kamar na Baba.

Alhaji ya yi kamar abin bai dame shi ba, amma ranar Asabar ɗin da za ta zo ɗaukar murya tun da ya dawo daga masallacin asuba yake goge keji. Nafeesa ta kafa makirufo mai soso a baki, ta toshe kunnuwanta da abin saurare. Darakta kuwa bai ba shi kunya ba. Ya kumbura wuya, ya ja kuka mai tsawo, ya sauke, ya sake ɗauka. Alhaji yana tsaye ya harɗe hannu a baya yana kallon fuskarta.

Ana cikin haka sai wani kuka ya taso daga ƙasa, siriri, mai sauri kamar ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa. Nafeesa ta ɗaga kai. Sai ta juya makirufon ta leƙa da shi ta kan ƙarfen baranda. Ta daɗe a haka idonta a rufe.

"Baba, wancan na wane ne?"

"Na yaron nan ne na ƙasa, Friday. Ni na koya masa."

"Zai yarda in ɗauka?"

"Me zai hana," in ji Alhaji. Shi da kansa ya raka ta ƙasa, ya ƙwanƙwasa ƙofar. Minti ashirin ta yi a barandarsa. A ta Friday sai da aka kira azahar.

Bayan wata guda ta gayyace su Abaji su ga abin da take yi da muryoyin. Suka tafi a motar Alhaji, shi yana tuƙi, Friday a gefensa yana ta ba shi labarin wani injiniya da ya haɗa waya a juye. Sun wuce Gwagwalada da Kwali, gonakin doya da masara kore shar a dama da hagu, suka isa wani gida a bayan gari da jami'arsu Nafeesa ta kama don aikin.

Ɗakin farko na gyare ne. An toshe tagogi da baƙin yadi, bokitan roba cike da yashi jere a jikin bango. A tsakiya akwai wani faffaɗan tire, da ƙananan sifiku biyu, ɗaya a kowane gefe. Nafeesa ta kunna jar fitila, ta ajiye gyare guda a tsakiyar tiren.

"Wannan mace ce. Namiji ne kaɗai ke kuka, kuma ba da baki ba, fiffike yake gogawa a kan fiffike. Ita ba ta cewa komai. Saurare take yi, ta zaɓa."

Ta kunna sifikun, kowanne da kukan namiji daban. Macen ta tsaya tana motsa gashin kanta, ta juya hagu, ta juya dama, sannan ta nufi na dama kai tsaye ba ko waiwaye.

"Kai!" in ji Friday. "Ko tunani bai yi ba!"

"Ta yi. Wanda ya fi jan kuka ba hutawa ta bi, don sai mai ƙoshin lafiya ke iya haka. Tun kaka da kakanni irinsu mata ke zaɓa, su suka fi haihuwa, 'ya'yansu suka gaji kukan. Amma akwai haɗari. Mai kuka kowa na jin inda yake, har masu cinsa. Shi ya sa wasu mazan ba sa kuka sam. Sai su laɓe kusa da mai yi, in mace ta taho su tare ta a hanya."

Friday ya fashe da dariya har yana dafa bango. "Dakta, akwai irin su a ofis namu, wallahi!"

Alhaji ma ya murmusa. Abin ya burge shi, har ya yi tambaya biyu masu ma'ana, Nafeesa ta ce da Baba ya yi kimiyya. Da fara'arsa ya shiga ɗaki na biyu.

Nan wani dogon keji ne mai tsawon tabarma biyu, da sanda a kowane ƙarshe da sifika a bayanta. Matan kanari ashirin ta gwada, in ji ta, ɗaya bayan ɗaya. Sifika ɗaya muryar Darakta, ɗaya muryar Fasto, tana sauya musu gefe don kada a ce sabo ne. Ta buɗe kwamfuta ta juyo musu da ita.

"Goma sha biyar sun tafi wurin Fasto. Uku wurin Darakta. Biyu ba su kula kowa ba."

Friday ya riƙe baki. Alhaji ya gyara gilashinsa ya sunkuya kan allon kamar mai neman kuskure a fayil.

"Sifikar nan lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau, Baba. Na ce miki... na ce maka ina sauya su." Ta ɗan rikice, don ta ga fuskarsa. "Ba wai Darakta bai iya ba ne. Ya fi yawan salo nesa ba kusa ba. Amma Fasto yana da wani wuri da yake kaɗa sauti biyu a tare da sauri, abu ne mai wuya, shi matan ke so. Shekarar Darakta nawa?"

"Tara."

"To ka gani. Ai ya yi ƙoƙari."

Ya yi ƙoƙari. Kalmar nan ta zauna wa Alhaji a ƙirji kamar ƙaya.

A hanyar dawowa sun ɗauko Nafeesa. Friday ya juya baya yana tambayarta, tunda mata na son Fasto haka, ko ya nemo masa ɗaya?

"A'a, don Allah kar ka yi yanzu! Namiji in ya samu mace yakan rage kuka sosai, ai neman ta yake yi da ma. Malamata, Farfesa Serah, za ta zo ƙarshen Agusta da masu ɗaukar bidiyo. So nake ta ji shi da kunnenta."

Alhaji ya ci gaba da tuƙi. Idonsa na kan titi har suka shigo gari.

Daga nan abubuwa suka sauya, ko kuma shi ya ga sun sauya. Nafeesa in ta zo sai ta fara shiga ƙasa, sannan ta hau ta gaida Hajiya a tsaitsaye. Maƙwabta suka fara kiran Friday Farfesa. Wani ɗan bidiyon Fasto ya zaga wayoyin mutane har ya iso ofishin Alhaji, wani abokin aikinsa, Maitama, ya miƙo masa waya yana cewa, "Ba maƙwabcinka ba ne wannan? Ashe akwai wanda ya fi ka a Garki!" Alhaji ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Friday bai sauya ba ko kaɗan. Kullum sai ya gaishe shi har da rusunawa, ko wa ya yaba masa sai ya ce, "Oga Yelwa ne ya koya mini komai." Da ya yi girman kai da Alhaji ya samu abin riƙewa. Da safe kuwa, in Fasto ya fara daga ƙasa, Alhaji sai ya tsinci kansa yana sauraron wurin nan mai sauti biyu, yana jiran ya ji ya kuskure. Bai taɓa kuskurewa ba. Yakan dubi Darakta ya ji wani haushi-haushi, sannan ya ji kunyar haushin.

A farkon Agusta mahaifin Friday ya rasu. Da sassafe ya hau bene idonsa jajur, kejin Fasto a hannu ɗaya, ƙullin acca a ɗayan.

"Oga, za mu tafi gida ni da Felicity. Sati uku zan yi, ni ne babba. Ba wanda zan iya bar masa wannan sai kai."

Alhaji ya yi masa ta'aziyya da zuciya ɗaya, ya raka su har tasha. Ya dawo ya rataye kejin a ƙarshen baranda. A ranar babu komai a ransa.

Kwana uku Fasto yana kuka a kunnensa. Darakta ya yi ta ƙoƙarin danne shi, ya ja, ya ja, muryarsa ta dishe, a rana ta uku ya koma gefen sanda ya kumbura gashi ya yi shiru. Alhaji ya tsaya yana kallonsa da kofin shayi a hannu har shayin ya huce.

Ranar Asabar ya ce wa Hajiya zai je Kado sayen kifi. Ya sayi kifin, sannan ya zagaya baya wurin masu tsuntsaye ya ce mace yake so, lafiyayya. Mai sayarwa ya dube shi da mamaki.

"Alhaji, mace? Ai ba ta kuka."

"Na sani."

Hajiya Nabilah tana yanka albasa ta hango shi ta tagar kicin yana buɗe ƙofar kejin Fasto yana sakin wata tsuntsuwa daga jakar takarda. Ta fito tana goge hannu.

"Baban Zaid, wannan ba na Friday ba ne?"

"Kaɗaici ke damunsa."

"Shi ya gaya maka?"

Ya rufe ƙofar kejin. Ta dube shi, irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya kawo aikin gida da rubutun wani.

"Shekara talatin da ɗaya ina tare da kai," ta ce, "ban taɓa ganin ka ɓoye abu a jakar kifi ba." Ta koma kicin.

Kwana biyu na farko Fasto ya yi kuka kamar zai tsage, har Alhaji ya ɗauka ya yi aikin banza. A na huɗu kukan ya ragu. Kafin mako ya cika sai 'yar ƙaramar murya can ƙasa-ƙasa, yana bin macen daga sanda zuwa sanda yana sa mata acca a baki. Darakta ya farfaɗo, ya karɓe barandarsa. Alhaji ya zauna a kujerarsa ya saurara, ya jira daɗin da ya sa rai zai ji. Daɗin ya zo, amma ɗan kaɗan ne, kuma bai kai azahar ba.

Ya yi niyyar cire macen kwana ɗaya kafin Friday ya dawo, ya ce ai tsuntsu ya yi kewar mai shi ne. Sai dai wata safiya ya ga gefen zanen da yake rufe kejin da shi ya zare. Ya leƙa. Macen ta ja zaren ta cikin waya, ta haɗa da ɓawon acca da gashin jikinta, ta yi sheƙa a cikin gwangwanin abinci. Bayan kwana huɗu ya ga ƙwai guda. Washegari biyu. Sannan uku, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, masu ɗigo-ɗigo.

Shekara ashirin da biyu bai taɓa ganin kanarin daji ya yi ƙwai a keji ba. Ya sa hannu a ƙofar kejin, macen ta kwanta a kan ƙwan ta zuba masa ido. Ya janye hannunsa.

Friday ya iso ranar Juma'a da yamma, motarsu ta lalace a Akwanga, ya gaji ko hawa bene bai yi ba. Asabar da hantsi Nafeesa ta zo da Farfesa Serah, wata dattijuwa mai furfura da takalmin kambas, da mutum biyu masu kyamara. Duk suka hau barandar Alhaji tare da Friday, wanda ya sa sabuwar riga duk da ramar da ya yi.

Friday ya isa gaban kejin yana yi wa Fasto fito da baki yadda ya saba. Sai ya tsaya. Ya dubi macen, ya dubi Fasto da ke tsaye a kanta shiru. Aka kafa kyamara, aka jira. Minti goma, minti ashirin. Darakta ne kaɗai ke ta zuba kuka a ɗaya gefen, babu wanda ya juya.

"Wa ya sa masa mace?" in ji Nafeesa.

Friday ya ɗago daga kejin. Ya juyo ya dubi Alhaji.

"Ni ne," in ji Alhaji.

Kafin wani ya sake magana macen ta tashi shan ruwa, Farfesa ta hango abin da ke cikin gwangwanin. Ta dafe ƙirji ta yi wata 'yar ƙara, ta jawo Nafeesa. Nan take wurin ya rikice da Turanci. Aka matso da kyamara, aka hana kowa motsi. Farfesa ta kama hannun Alhaji da hannu biyu tana girgizawa, tana cewa da Hausarta ta mutanen Kafanchan, "Baba, kai gwani ne! Shekara shida muna gwada wannan a jami'a bai yiwu ba. Yaya ka yi? Me ka ba su?"

Alhaji ya ce acca ce kawai. Suka sa shi gaban kyamara ya maimaita. Yabon da ya yi wata biyu yana jin yunwarsa ga shi ana zuba masa, shi kuwa ji yake kamar ana watsa masa ruwan zafi, don ta gefen ido yana ganin Friday jingine da bango, ya sunkuyar da kai.

Da baƙin suka sauka Friday ya tsaya.

"Oga, kana cikin mota ranar da Dakta ya ce kar a sa mace. Kai kake tuƙi."

"Ina ciki."

"To ba mantuwa ba ne."

"Ba mantuwa ba ne."

Friday ya gyaɗa kai a hankali. "Na binne babana. Sati uku mutane cike da gida, kowa da magana nasa, ban yi barci ba. Duk hanya abin da nake gaya wa Felicity ke nan, in na isa zan zauna in ji tsuntsuna, kaina ya huta." Ya share fuska da tafin hannu. "Da ka ce kana so, Oga, wallahi da na ba ka. Kai ka zaɓa mini shi."

Ya sauka. Alhaji ya bi shi da kallo.

Farfesa ta ce kada a kuskura a motsa kejin sai 'ya'yan sun tashi, don haka kejin ya zauna a barandar Alhaji wata guda cur, da 'yar kyamarar Nafeesa ɗaure a jikin waya. Friday bai sake hawowa ba. Felicity ke kawo acca ta miƙa wa Hajiya a bakin ƙofa. In sun haɗu a wurin ajiye motoci Friday yakan ce, "Ina kwana, sa," ya wuce. A da bai taɓa ce masa sa ba.

Ƙwai biyu suka ƙyanƙyashe, ɗaya ya lalace. Cikin biyun ɗaya ya mutu a kwana na biyar, Alhaji ya ciro shi da cokalin shayi ya binne a tukunyar furannin Hajiya. Ɗayan ya rayu. Alhaji ya riƙa dafa ƙwai yana murje gwaiduwar da acca, ya riƙa dawowa daga ofis da rana ya duba ya koma, har direbobin ma'aikata suka fara tambaya ko Hajiya ce ba lafiya.

Ranar da ɗan ya fara cin abinci da kansa, Alhaji ya sauke kejin. Hajiya ta ce a kira Friday ya zo ya ɗauka, ya ce a'a. Ya rungume shi a ƙirji, ya sauka matakala ɗaya bayan ɗaya don kada ruwan ya zube, ya ƙwanƙwasa da ƙafa. Friday ya buɗe, da singileti a jikinsa.

"Ga amanarka," in ji Alhaji. "Na ci ta. Ba kaɗaici na ji masa ba, baƙin ciki na yi da kai. Tsufa na ji ya kama ni, na rasa wanda zan huce a kansa. Ka yafe mini."

Friday ya karɓi kejin ya daɗe yana kallon ɗan tsuntsun, mai gashi buzu-buzu a ka.

"Na ji, Oga. Na yafe. Amma ka ba ni lokaci, zuciya bai gama sauka ba."

Lokacin ya ɗauki watanni. Nafeesa ta gama digirinta, ta sa sunayensu biyu a shafin godiya, na Friday a gaba. Fasto ya dawo da kukansa bayan damina, kuma gaskiya ita ce Alhaji bai daina jin ɗan tsinke a zuciya ba duk sanda ya ji shi, sai dai yanzu yakan yi istigfari ya ci gaba da shan shayinsa. Ba su koma zaman baranda irin na da ba.

Da takardar ritaya ta fito, aka ba shi wata uku ya bar gidan gwamnati. Ranar tashi zuwa garinsu Yauri, masu lodi suka fara jefa kejuna a bayan babbar mota tare da katifu. Friday ya fito da gudu yana yi musu tsawa. Ya sauke su duka, ya cire kujerar bayan motar Alhaji da sifana, ya jera kejunan bakwai a ciki, ya ɗaure kowanne da wayar lantarki, ya bar taga a ɗan buɗe.

"In ka kai Kontagora ka tsaya ka ba su ruwa," ya ce. "Kuma kar ka wuce tamanin."

Alhaji ya ce to. Ya yi tafiyar a kan saba'in, suka isa bayan la'asar, duka bakwai ɗin da rai.